Gashuwa: A Gina Filin Ƙwallo A Kwaleji, Kada A Jira Na Gwamnati

Mai karatu, in kana zaune a Ikko, lalle ka sha wucewa ta Surulere ka ga Filin Wasa na Ƙasa. An gama shi a 1972, a cikinsa aka yi Wasannin Afirka na 1973, a cikinsa kuma Green Eagles suka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a 1980, har Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka. Amma tun da aka buɗe na Abuja a 2003 sai aka juya masa baya shekara da shekaru, rufi ya yaye, kujeru suka farfashe, ciyawa ta mutu. Wannan fili shi ne amsata ga 'yan'uwanmu da ke cewa abin da arewacin Yobe ke bukata shi ne Gwamnati ta zo ta dasa katafaren filin wasa a Gashuwa ko Nguru. A ganina filin da zai amfane mu, ya kuma daɗe, shi ne filin kwaleji, watau wanda ke cikin harabar makaranta, ɗalibai suna taka shi kullum, mutanen gari suna da ƙofarsu, tsofaffin ɗalibai da ku mazauna Kurmi kuna da hannu a cikinsa.

Dalilin kuwa a fili yake. Gini yana rayuwa ne da masu shigarsa. Filin ƙasaita na Gwamnati sai ranar babban wasa ake buɗe shi, in an tashi a ja ƙofa a kulle, maigadi ya shimfiɗa tabarmarsa. Kuɗin gyaransa yana cikin kasafin Gwamnatin da ke da albashi da hanyoyi da asibitoci a wuyanta, saboda haka kullum shi ne na ƙarshe a layi. Ko na Abuja, wanda ya ci ɗaruruwan miliyoyin dala, sai da ciyawarsa ta lalace har Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake ta a 2020. Filin makaranta kuwa, ko an so ko an ƙi, kowace la'asar sai an shige shi. Akwai malamin wasanni wanda aikinsa ke nan, akwai sababbin ɗalibai kowace shekara, akwai kuma shugaban makaranta wanda zai ji kunya in baƙi suka zo suka tarar da awaki suna kiwo a bakin raga.

Wanda ya san tarihi ba zai yi mamakin wannan magana ba, domin ta ƙofa biyu ƙwallon ƙafa ta shigo Arewa, makaranta da reluwe. Turawan da suka koyar a Kwalejin Katsina tun farkon shekarun 1920 sun ɗauki wasa wani reshe ne na tarbiyya, suka koya wa ɗalibai kurket da ƙwallon ƙafa da ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wadda Sardauna, Allah Ya jiƙansa, ya ƙware a kai. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga nan ta zo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Malaman da ta yaye su suka watsu cikin makarantun Midil na larduna, har da ta Barno, lardin da Bade da Nguru suke ƙarƙashinsa a wancan zamani, kowa ya tafi da ƙwallo cikin akwatinsa. Layin dogo kuwa ya iso Nguru daga Kano a 1930, ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da shanu da busasshen nama zuwa Kudu, shi ne kuma ya kai iyaye da kakannin da yawa daga cikinku Ikko da Badun karon farko. Ma'aikatan reluwe mutanen ƙwallo ne, duk inda aka yi babbar tasha sai ka ga sun share fili sun kafa turaku. Ƙungiyarsu ta Ikko ta sha ɗaukar Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945, kafin Kano ta kawo shi Arewa a 1953.

Har cikin 'yan wasan da suka ci kofin 1980 akwai 'yan makaranta. Segun Odegbami ya karanta injiniya a Kwalejin Fasaha ta Badun, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ya karanta a Jami'ar Ikko yana cikin buga wa ƙasa. Wasannin jami'o'in Nijeriya, NUGA, an fara su a Badun a 1966, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sauki baƙinsu ba sau ɗaya ba, kwalejojin ilmi ma suna da nasu, NICEGA. Ashe ke nan abin da nake kira gare shi ba baƙon abu ba ne, hanyar da aka bi da farko ce aka sake ta.

To, mu dubi Gashuwa ta yau. A da, in ka ce wa mutumin Kudu daga Gashuwa kake, abu biyu ke zuwa masa, zafin rana da kurkuku, tun ba ma da aka tsare lauya Gani Fawehinmi a can a 1989 ba. Yanzu kuwa garin Mai Bade garin ilmi ne. Ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga Nguru kusa, tafiyar kamar awa guda, da Kwalejin Shari'a da Addinin Musulunci da asibitin Tarayya. Ɗan garin, Sanata Ahmad Lawan, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Duk da haka babban filin wasan jihar yana Damaturu, wanda aka sa wa suna 27 ga Agusta domin tunawa da ranar da aka ƙirƙiro Yobe a 1991, can ne kuma Yobe Desert Stars ta riƙa karɓar baƙi sa'ad da ta buga babban rukunin ƙasa a 2018. Yaron Jakusko ko Karasuwa ko Yusufari ko Machina da Allah Ya ba ƙafa, in yana so a gan shi, sai ya nufi Damaturu ko Maiduguri ko Kano. Mafi yawansu ba su zuwa ko'ina. Suna cika gidajen kallo da dare, suna musu a kan Arsenal da Chelsea har da rantsuwa, alhali ba su da ƙungiyar gida da za su yi wa ihu.

Ƙasar da ta fi kowace sanin darajar filin kwaleji ita ce Amurka, ko da yake ƙwallon da suke bugawa a ciki dabam take da tamu: mai siffar ƙwai ce, runguma ake yi a sheƙa da gudu, ana bangaza kamar rakuma. Ba wasan ne ya dame mu ba a nan, ginin ne. Filin da ya fi kowane girma a Amurka duka na jami'a ne, watau na Jami'ar Michigan a garin Ann Arbor, mai cin mutum 107,601, kusan yawan mutanen garin kansa. An gina shi a 1927 da kujeru 72,000. Shugaban wasanninsu na lokacin, Fielding Yost, ya dage aka zuba harsashin da zai ɗauki fiye da mutum 100,000 tun ba a bukatar su, shi ya sa aka yi ta ƙara shi a hankali ba tare da rushe kome ba. Kuɗin kuwa ba daga baitulmali ya fito ba. Takardun bashi aka sayar wa masoya jami'ar, dala 500 kowace, wanda ya saya yana da ikon samun kujera mai kyau har shekara goma. A 2014 da Manchester United da Real Madrid suka kara a wannan fili, mutum 109,318 suka shiga kallo.

Na Jami'ar Harvard ya girme shi, a 1903 aka gina shi, shi ne babban filin wasa na farko da aka yi da kankare mai rodi a Amurka. Ɗaliban da suka gama a 1879 su suka haɗa dala 100,000 suka ba makarantarsu domin aikin. Amma akwai darasi mai ɗaci a labarinsa. A 1905 wasan nasu ya yi muni, samari da dama suka mutu a fili, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki. Cikin shawarwarin da aka kawo akwai a faɗaɗa filin wasa domin a rage cunkoso, sai aka tarar kankaren Harvard ya riga ya bushe, ba inda za a matsa. Tilas aka bar wannan shawara, aka sake dokar wasan a 1906, aka halatta jefa ƙwallo gaba. Siminti ne ya yanke wa ƙasa guda hukunci. Jami'ar Yale kuma, a 1914, haƙa ƙasa suka yi suka tara ta kewaye kamar ganuwa, suka jera wurin zaman mutum wajen 70,000 a jikinta, amma ba su yi wa wurin ɗakin canza kaya ko makewayi na dindindin ba. Masu digiri ma suna mantuwa.

Kada a ɗauka ina cewa mu kwaikwayi Amurka ido rufe. Abin nasu ya wuce gona da iri, domin a jihohi da yawa mai horar da 'yan ƙwallon jami'a ya fi Gwamna da kowane shaihin malami albashi, ana kuma kukan cewa wasu 'yan wasan ɗalibai ne a suna kawai. Abu uku ne nake so mu ɗauka: tsofaffin ɗalibai su suka fara sa kuɗi, an auna gaba kafin a zuba harsashi, an kuma yi aiki da irin ƙasar da aka tarar.

Yanzu sai mu zo ga yadda filin ya kamata ya kasance, domin a nan ne 'yan kwangila ke cutar mu, su ɗauko zanen da aka yi domin Fatakwal su dasa a bakin hamada. Abu na farko shi ne alƙibla. Filin ƙwallo na sosai tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, kuma tilas ragogin su kasance ɗaya kudu ɗaya arewa. A ƙasarmu bayan la'asar ake wasa a tashi kafin magariba, daidai lokacin da rana ta sunkuyo yamma. In aka sa raga gabas da yamma, mai tsaron gida ɗaya zai yi rabin wasa yana kallon ƙwayar rana, in aka zura masa a ce ya sayar da wasa. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo in an yi shi tun ranar awo, in kuwa an riga an gina wurin zama, ya zama irin na Harvard.

Babbar rumfar 'yan kallo a yamma za ta zauna, mutane su ba rana baya, inuwar rumfar ta riƙa miƙewa cikin fili yayin da yamma ke yi. Sai dai duk wanda ya yi damina a Bade ya san daga gabas hadari ke tasowa, da iska mai ƙura a gabansa, rumfar da ke yamma kuwa bakinta gabas yake kallo. Kwanon da aka buga da ƙusa kawai, guguwar farko za ta kai shi wata unguwa. Lalle a ɗaure rufin da ƙarfe da noti, a bar masa kafa ta baya inda iska za ta fice. Sauran ɓangarori uku ba su bukatar kankare tukuna. A yi musu dabarar Yale, wadda kakanninmu suka riga su sani sa'ad da suka yi ganuwar Gogaram da ta Kano: a tara ƙasa, a daddaɓe, a yanka matakala, a dafe ta da burji ko dutse. Amma kada a haƙa filin ya nutse ƙasa kamar na Michigan. Garin da ke bakin kogin Yobe, wanda ya ga ambaliyar 2022 da idonsa, ba ya gina tafki da kansa. A nemi tudu, a ɗan ɗaga tsakiyar filin kaɗan yadda ruwa zai gangara gefe, a yi magudana.

Sa'an nan itatuwa. Ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke kaɗowa, a dasa darbejiya layi biyu ko uku tun shekarar farko, kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Cikin shekara biyar sun zama katanga, sun zama rumfa, ba kuma mai yaye su. A nisanta su kaɗan daga bakin fili saboda saiwa.

Maganar ciyawa ita ce mai wuya, ita ce kuma inda za a yi gardama. Filin nan murabba'in mita 7,140 ne. In za a jiƙa shi da ruwa mai kaurin milimita ɗaya tak, lita 7,140 ke nan. In aka ce milimita biyar a yini, abin da ba yawa ba ne a watan Afrilu da Mayu sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, lita 35,700 ake nema kowace rana, watau jarka mai lita 25 fiye da 1,400. Damina kuwa wata uku ce zuwa huɗu. Saboda haka duk wanda ya zo da zanen fili kore shar, a tambaye shi ina rijiyar burtsatse, ina tanki, ina injin da zai ja ruwan da hasken rana, wa kuma zai biya mai ban ruwa. In an sami waɗannan, ciyawar ƙiri-ƙiri ta isa, tamu ce, ta saba da zafi da taku, ba sai an yi odar iri daga waje ba. Wasu za su ce a shimfiɗa ciyawar roba a huta. Ni ban goyi bayan wannan ba a Gashuwa. Roba tana ɗaukar zafi fiye da ciyawa nesa ba kusa ba, da tsakar rana takan wuce digiri 60, bayan kamar shekara goma kuma sai an ɗaga ta an sayo wata da kuɗin waje. In ruwa bai samu ba tukuna, babu abin kunya a filin ƙasa da aka baje sosai, aka tsince tsakuwa da tsidau da ƙarangiya, aka ja layi da farar ƙasa. Tawagar Nijeriya ta farko da ta je Ingila a 1949 ba takalmi yawancinsu suka yi wasa, a irin wannan fili suka koya. Ko an shuka ciyawar ma, tilas a yi fili na biyu na ƙasa a gefe domin motsa jiki na kullum, in ba haka ba wata biyu ya isa a mayar da bakin raga tamkar masussuka.

Ruwan sha ya fi ruwan ciyawa muhimmanci. Ƙasar Bade ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda, kusan kowane gida ya san wanda ya tafi ta wannan hanya, likitoci kuma sun yarda cewa aikin ƙarfi cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba yana wahalar da ƙoda. Filin da za a tara samari su yi gudu minti 90 dole ya kasance da famfon ruwa mai tsabta a bakinsa, alƙalin wasa kuma ya tsayar da wasa a sha ruwa. Hukumar FIFA kanta ta yi haka a Kofin Duniya na Brazil a 2014, balle mu. In hali ya yi daga baya a sa fitilu masu aiki da hasken rana, a riƙa wasa bayan isha'i lokacin bazara da watan azumi.

Ƙofofi su yi yawa, su yi faɗi, su riƙa buɗewa waje, kada kuma a kulle su ana cikin wasa. A Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, mutum fiye da 120 suka halaka domin an harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. A yi makewayi na maza da na mata, a yi wurin alwala da ɗan masallaci, tun da ana tashi ne gab da magariba. A keɓe wa mata da yara ɓangarensu na rumfa mai ƙofarsa dabam, domin ɗalibai mata suna da hakki a filin makarantarsu, iyaye kuma ba za su bar 'ya'yansu su zo ba sai sun ga an tsare mutunci. A bar gurbin hanyar tsere ta mita 400 kewaye da filin ko ba za a shimfiɗa ta yanzu ba. Kada kuma a manta da kokawa da dambe da langa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, sun kuma gina mata filaye daidai ita a manyan garuruwan jihohinsu, jama'a suna cika su maƙil.

Na san abin da wani dattijo zai ce: ana ta kai wa yake ta kaya? Azuzuwa sun cika, ɗakin karatu na bukatar littattafai, masu wankin ƙoda suna sayar da gonaki, kai kana maganar ƙwallo. Maganarsa tana da nauyi, shi ya sa ma na ce kada a taɓa kuɗin aji ko na asibiti, kada kuma a nemi biliyoyi. Dasa itace da tara ƙasa da haƙa rijiya ɗaya ba su ne za su hana gina asibiti ba. Samarin nan kuma suna nan, ko an yi fili ko ba a yi ba. Da yawa sun komo gida bayan da Gwamnatin Ikko ta hana acaba a manyan unguwanni a 2022, ga ƙwaya ta yi yawa har sai da Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Yaron da ya san yana da wasa ranar Asabar, malami zai duba idonsa da numfashinsa, yana da dalilin kama kansa ranar Juma'a. Kwalejin ilmi kuma malamai take yayewa. Ɗalibin da ya ga yadda ake auna fili da shirya gasa, shi zai je firamaren ƙauye ya yi irinsa.

Tambaya ta biyu ta fi tsanani, watau tsaro. Jihar Yobe ba ta manta da Mamudo da Gujba a 2013 ba, da Buni Yadi a 2014, da Dapchi a 2018, wadda ke kan hanyarmu ta zuwa Damaturu. Shugaban makarantar da ya ce ba zai buɗe ƙofarsa ga taron mutanen da bai sani ba, ba za a zarge shi ba. Maganin abin a zane yake. A sa filin a gefen harabar makaranta, da katangarsa, ƙofar gari tana kallon titi, ƙofar ɗalibai tana ciki, tsakaninsa da ɗakunan kwana akwai shinge. Mai zuwa kallo ya shiga ya fita bai taka cikin makaranta ba. Ina ma ganin makarantar da mutanen gari suka ɗauka tasu ce, suna zuwa kowane mako, ta fi samun masu sa mata ido bisa wadda ta zama tsibiri a bayan gari.

Saura maganar kuɗi, a nan ne kuma ta iso kanku, ku da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12, da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Cikinku akwai masu safarar kifi da tattasai da wake da shanu, akwai 'yan canji, akwai masu gadi da masu ɗinki, kowace unguwa kuma da ƙungiyar 'yan gari da Sarkin Hausawa. Kun gina masallatai a gida, kun haƙa rijiyoyi, kun biya wa marayu kuɗin makaranta, ba sai an koya muku adashi ba. Ahmed Musa shi kaɗai ya buɗe cibiyar wasanni a Kano a 2017. Abin da mutum ɗaya ya yi da kuɗin Turai, mutum dubu za su yi rabinsa da kuɗin Ikko. Abin da ke kashe irin wannan aiki ba rashin kuɗi ba ne, gidauniya ce: a tara manya a rumfa, maroƙa su yi ta shela, a yi alkawarin miliyoyi, a watse, shekara ta zagayo ba ko bulo. Kada a yi haka. A kasa aikin gida-gida, kowace ƙungiya ta ɗauki abu guda da ido zai gani. Mutanen Agege su ce rijiya da tanki namu ne, na Badun su ɗauki itatuwa da shinge, 'yan ajin wata shekara su ɗauki layin benci goma a rubuta shekararsu a jiki, kamar yadda 'yan 1879 suka yi a Harvard. Kada a fara mataki na biyu sai an ga hoton na farko da rasidinsa.

Kafin a sa hannu a aljihu kuma, a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin hukumar makarantar da fadar Mai Martaba Mai Bade da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. A rubuta ranakun da filin yake na ɗalibai da ranakun da yake na ƙungiyoyin unguwanni da makarantun sakandare. A rubuta cewa kuɗin ƙofa asusun gyara za su shiga, ba aljihun kowa ba, a kuma liƙa lissafin a bango kowane zango. Mafi muhimmanci, a rubuta cewa ba za a yanki ko taku ɗaya na filin a yi fuloti ba, domin duk mun ga yadda aka cinye filayen makarantu da shaguna a manyan biranenmu. In ana son shagunan haya da za su riƙa biyan mai ban ruwa, a ƙayyade adadinsu tun farko, su tsaya a jikin katanga ta waje.

Abin da zai cika filin kuwa ba kyan rumfa ba ne, kishiya ce. Harvard da Yale tun 1875 suke karawa, tsofaffin ɗalibai suna tahowa daga nesa domin wannan yini ɗaya. Mu ma muna da tamu a shirye: Gashuwa da Nguru. A tsayar da rana guda a shekara, kwana biyu bayan Babbar Salla, sa'ad da an gama hawa, motocin Kurmi sun sauke mutane ba su kuma fara lodin komawa ba. Bana a Gashuwa, baɗi a Nguru, 'yan sakandare su buɗe fage da la'asar sakaliya, manya su biyo baya, Mai Bade da Sarkin Nguru su sa kofi. Ba sai an jira rumfa ba. Ana iya buga na farko a filin ƙasa, da igiya kewaye da 'yan agaji, muddin an riga an kawo safiyo ya kafa turakun kudu da arewa a inda za su zauna.